Attaura a Kujerar Baya

Tun da na zo Dubai doka ɗaya na kafa wa kaina: ba na ɗaukar kayan da ban ga cikinsa ba. Ba a makaranta na koyi wannan ba, don a aji uku na sakandare na ajiye biro. Ɗan wan babana ne ya koya mini. Wata mata ta roƙe shi a filin jirgi ya riƙe mata jaka, wai kilo ya yi mata yawa, shi kuma da yake mutumin kirki ne sai ya karɓa. Yau yana can kurkukun wata ƙasa, 'ya'yansa sun girma ba su san muryarsa ba, matar kuwa ko sunanta babu wanda ya sani. Daga kansa na gane cewa ta ƙofar kirki ake shigo wa talaka.

Na yi dako a sito-sito na Al Qusais har kafaɗata ta fara magana, sannan wani dillali ya samo mini tuƙi a gidan wani tsoho mai sayar da kayan gyaran esi, na'urar sanyaya ɗaki. Farin mutum ne gajere, gemu fari, yana tafiya a karkace saboda ciwon baya. Larabcinsa ya fi na 'yan ƙasar daɗi a kunne, ni kuma nawa na kasuwa ne, amma muna gane juna. Yana ce mini Hajji, alhali ko Umara ban je ba. Ni ina ce masa Arbab, yadda kowane ma'aikaci ke ce wa ubangidansa a can. Shi ya yi mini biza, wato zamana a ƙasar a hannunsa yake.

Sai da na ɗan kwana biyu na gane Bayahude ne. Ran Juma'a kafin rana ta faɗi zai sallame ni, ran Asabar mota ba ta motsi, kuma a jikin ƙofarsa akwai wani ɗan kwanso da yake shafawa duk shiga da fita. Da na faɗa a ɗakinmu na Satwa, inda muke kwana gado kan gado, sai hira ta samu. Akwai wani ɗan Kano mai harkar kago, wato tura kaya gida a jirgi, a cikinmu, bakinsa ba ya shiru ko yana cin abinci.

"Iye, direban Bani Isra'ila!" in ji shi. "Malam, in an raba teku ka taho mana da kifi."

"Kai da kake tura wa mutane kwantena rabi kaya rabi iska, kai ne za ka yi mini wa'azi?"

"Ni dai na san abin da ke cikin kwantenata. Kai ka san abin da kake ɗauka?"

A lokacin dariya na yi, don ban ɗauki komai ba sai tsoho da jakar magungunansa.

Wata Lahadi da hantsi ya ce mu je wani gida a wata unguwa mai tsit wajen bakin teku. Na sha kai shi can ran Litinin da Alhamis da sassafe, ina jiransa a waje. Gida ne kamar kowane gida, ba allo, ba hasumiya, ba alamar komai, sai mai gadi da ke leƙa fuskar mutum kafin ya buɗe. Na san wurin ibadarsu ne don shi ya faɗa mini. Amma ni a saninmu wurin ibada ba ya ɓuya. Masallaci tun daga nesa yake kiranka, coci ma da giciyenta a sama. Wannan kuwa ko takalmi ba ka gani a ƙofa.

Ran nan ya fito rungume da wani dogon abu, tsawonsa ya kai yaro ɗan shekara huɗu, an naɗe shi ruf da farin mayafi mai baƙin zane da geza. Wasu mutum biyu suna biye da shi suna sumbatar yatsunsu suna taɓa abin. Na fito da sauri na buɗe but, yadda kowane direba zai yi.

"La, la, Hajji! Rufe!" Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba sai ranar.

Ya shiga baya da shi, ya jingina shi a ƙirjinsa a tsaye, ya ce in ja musu bel su biyun, shi da abin. Da na sunkuya zan ja, sai na ji wani abu na ƙarfe ya yi ƙara daga ciki, cas-cas. Ga kuma wani wari da na sani amma na kasa tuna inda na san shi.

"Arbab, mene ne wannan?"

"Littafi."

"Littafi?"

"Attaura. Yalla, mu je a hankali, ban da birki mai ƙarfi."

Na ja mota ina kallonsa ta madubi. Littafi dai na san shi. Kusurwa huɗu gare shi, ana sa shi a jaka, ba ya ƙara. Wane littafi ne ake rungumewa kamar maras lafiya, a hana shi shiga but, a hana shi kwanciya? Muka wuce wata motar 'yan sanda a gefen titi. A raina na ce, in aka tsayar da mu, wannan tsohon yana da lauya, yana da fasfo mai daraja, yana da ciwon baya. Ni me nake da shi? Baƙar fata da sitiyari a hannu. In an buɗe aka ga abin da aka gani, direba ne ya sani.

Wani bene muka je a bayan Al Rigga. Abokinsa ne ya rasu, 'ya'yan suna zaman makoki na kwana bakwai ba sa fita, shi ya sa aka kawo musu abin gida. Haka ya ce. Ya hau da shi da kansa yana nishi, na ce in taya shi don in ji nauyinsa a hannuna, ya ƙi.

Da yamma na ba mai kago labari. Wannan karon bai yi dariya ba, ya ajiye cokali.

"Nawa ne tsawonsa?"

Na gwada masa da hannu.

"Yana da sanduna?"

"Na ga kamar ƙafafun katako biyu sun leƙo ta ƙasa."

"Shi ke nan," in ji shi. "Malam, na ga an fafe ƙafar kujera, na ga an fafe sandar labule, na ga an fafe dugadugin takalmin mata. Duk abin da aka ce maka mai tsarki ne kada ka taɓa, to nan ne wurin. Wa zai buɗe kayan addinin mutane? Ai ka ga dabara."

Wani dattijo ɗan Zinder da ke gadon ƙasa ya ce, "Ku ji tsoron Allah, Annabi Musa fa aka ba Attaura."

"Baba, ba mu ce komai a kan Annabi Musa ba," in ji mai kago. "Sanduna muke magana."

Washegari Litinin na je ɗaukar tsoho da asuba. Ya shiga mota, ni kuma na ƙi tayarwa. Na ce masa, Arbab, ni ba yaro ba ne, ina da 'ya'ya a gida. Na ba shi labarin ɗan wan babana da Larabcina mai ɗingishi. Na ce abin nan da muka kai jiya, ba zan sake sa shi a motar da nake tuƙawa ba sai na ga cikinsa.

 Na ɗauka zai ce in ajiye makulli.

"Ba a buɗe shi don kallo," ya ce. "Amma yau za a karanta. Ka hau tare da ni, ka tsaya daga ƙofa."

Muka koma gidan makokin, na hau. Falo ne madaidaici, an rufe madubi da zane, 'ya'yan mamacin suna zaune a kan wasu gajerun kujeru kamar na mata a tsakar gida. Maza sun yafa irin farin mayafin nan, sun ɗaura wata baƙar igiyar fata a hannu da goshi. Aka daɗe ba a fara ba, ana ta leƙa waya, ana ƙirga kawuna. Tsoho ya ce mini mutum ɗaya ake jira, sai sun cika goma. Na ce to ga ni. Wani saurayi ya yi dariya har da riƙe ciki, tsoho ya harare shi. Ni ma na san ba na ciki, na faɗa ne don in ga abin da za su yi.

Da na goman ya iso yana haki, aka yi ta addu'o'i ana rangaji. Can sai aka buɗe wani ɗan kabad a jikin bango, kowa ya miƙe tsaye. Aka fito da abin. Yanzu ba mayafi, sai rigar karammiski shuɗiya da aikin zare, da wasu kawunan azurfa biyu masu ƙananan ƙararrawa. Su ne masu cas-cas ɗin nan. Aka zagaya da shi, kowa yana miƙa gezar mayafinsa ya taɓa ya sumbata. Aka kwantar da shi a tebur, aka tuɓe masa riga, aka kwance ɗamara, aka ja sandunan biyu gefe da gefe.

Fata ce. Nan take na tuna warin. Gidan kakannina na wajen uwa kusa da majema yake, na tashi da wannan warin a hanci. Fata ce jemammiya, fara-fara, an ɗinka falle da falle, an rubuce ta da baƙar tawada layi-layi, daga dama zuwa hagu kamar namu. Wani mai siririyar murya ya fara rerawa, yana bin layi da ɗan sandan azurfa mai siffar hannu da manuniya a miƙe, don ba sa sa yatsa a kan rubutun. Mutum biyu suna tsaye hagu da dama da littattafan bugu, ko wasali ya karkace sai su ɗago su gyara masa. Wannan dai na gane shi, haka ake yi wa liman in ya yi tuntuɓe a tarawihi. Ana kiran mutum ya zo ya riƙe sanda ya yi addu'a, a karanta masa 'yan layuka, ya koma, a kira wani.

Zuciyata ta fara sauka. Har na fara jin kunya kaɗan.

Sai mai karatu ya tsaya cak a tsakiyar layi.

Ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa fatar. Na hagu ya sunkuya, na dama ya sunkuya. Tsoho ya sa tabarau ya kutsa. Aka haska fitilar waya. Suka koma magana ƙasa-ƙasa da wani yaren da ba Larabci ba, ba Turanci ba, wani yana girgiza kai, wani yana nuni da ɗan sandan nan. Saurayin da ya yi mini dariya ya waiwayo ya dube ni. Ban san me ya sa ya dube ni ba, watakila don ni kaɗai ne baƙo a wurin. Amma ni na ce to, ga ta nan. Wani abu ya ɓace ko ya lalace, kuma a motar wa aka kawo shi jiya? Na matsa kusa da ƙofar fita, na tabbatar katina na zaman ƙasa yana aljihu.

Suka ƙarasa a gurguje, suka naɗe shi, suka mayar masa da riga. Na lura wannan karon a kan rigar suka ɗaura ɗamarar, ba a ciki ba kamar yadda aka fito da shi. Ni irin wannan ba ya wuce ni. Alama ce suka yi, kuma duk inda aka yi alama akwai wanda ake yi wa ita.

A mota na ce, "Arbab, faɗa mini gaskiya. Me ya faru?"

"Harafi ɗaya ya tsage. Tawadar ta ɓare, zafi da raɓar ƙasar nan ne."

"Harafi ɗaya?"

"Ɗaya. Ba za a sake karanta shi a jam'i ba sai marubuci ya gyara. Shi ya sa muka ɗaure shi ta waje, kada wani ya ɗauko bai sani ba."

"To a sa biro a cike mana."

Ya yi murmushi irin na wanda haƙori ke ciwo. Ya ce ba kowa ke gyarawa ba, akwai masu wannan aikin, da irin alƙalaminsu da irin tawadarsu, kuma wanda ya yarda da shi yana wata ƙasa. Zai kai shi da kansa, a hannu, a cikin jirgi.

Da na ji kalmar jirgi sai komai ya dawo mini sabo. Kaya ya shigo gari, ya zaga gida biyu, an taru an yi ƙus-ƙus a kansa, an yi masa alama, yanzu kuma zai fita ta filin jirgi a hannu don kada ya bi ta kago, duk saboda harafi ɗaya da ni ban gani ba. Da na koma ɗaki na ba da labari, mai kago ya ce, "Ka ga karatu da idonka, na yarda. Nawa aka buɗe maka?" Na ce kamar faɗin tabarmar salla. Ya ce, "Sauran fa da ke naɗe? Malam, kai ma in ka buɗe kwantenata, layin gaba kaya ne masu kyau."

Na mayar wa tsoho da wannan maganar, ban rage komai ba. Ya ce ai kowane mako gaba suke ci, ɗan yanki-ɗan yanki, sai shekara ta zagayo sun sauke, sannan su naɗe shi su koma farko. In ina so in ga duka, in riƙa zuwa shekara guda. Na ce ni aikin tuƙi na zo.

Bayan an tashi daga makoki muka ɗauko abin muka kai gidansa. Wata Laraba da azahar ya kira ni ciki. Ya shimfiɗa farin mayafi a kan teburin cin abinci, ya kwantar da shi, ya tuɓe masa riga. Ya ce kafin tafiya yana so ya duba ko akwai wani wurin da ya tsage, kuma bayansa ba zai bar shi ya juya sanda biyu ba.

"Wanke hannu. Ka riƙe katako, kada ka taɓa fata. Ni ina naɗewa, kai kana saki. Kuma ka buɗe idonka da kyau, Hajji, tun da ido ka ce kana so."

Muka fara daga farko. Yana jan nasa, ina sakin nawa, fata tana wucewa a gabana kamar ruwa. Na duba kowane ɗinki. Da jijiya aka yi shi, ba zare ba, kuma falle ɗaya ne, ba a ninka biyu ba balle a cusa wani abu a tsakani. Na duba bayan fatar, babu komai sai tabon shekaru. Wani wurin yakan tsaya ya nuna mini da ɗan sandan: nan ne ruwan Ɗufana, nan ne aka jefa Annabi Yusufu a rijiya, nan ne aka raba teku. A wurin tekun rubutun ya canza tsari, an jera shi da tazara kamar ginin bulo. Ya rera mini kaɗan da muryarsa mai rawa. Ya ce kakansa ne ya fito da wannan fatar daga garinsu a naɗe cikin bargo, lokacin da suka bar gida da shago da komai. Ya nuna mini harafin. Da ƙyar na gan shi, ɗan tsagu ne kamar kan allura.

Na fita na yi la'asar a gareji na dawo muka ci gaba. Kafin mu kai ƙarshe hannuna ya yi tsami, shi kuma yana dafa tebur yana numfashi. Fatar ta ƙare, duk ta koma sandarsa, tawa ta rage tsirara sai bakin ɗinki.

Ya cire tabarau, ya ce, "To, Hajji. Ka gani?"

Na gani. Amma sandar tana hannuna, kauri gare ta, kuma a ƙasan mariƙin akwai wani zobe da aka haɗa katako da katako. Na ƙwanƙwasa ta da farce ina saurare.

Na ce, "Sandunan fa?"

Bai yi faɗa ba. Ya karɓi sandar daga hannuna a hankali, ya fara mayar da fatar shi kaɗai, yana ja yana tsayawa. Na ce in taya shi, ya ce, "Shukran. Jira a mota."

Ran tafiya na kai shi filin jirgi. Na ja musu bel kamar kullum, na tuƙa a hankali. Da muka tsaya a bakin ƙofar shiga ya yunƙura zai fito da abin, bayansa ya riƙe, ya koma ya zauna yana cije leɓe. Ya dube ni.

"Riƙe mini shi, daga nan zuwa kantar awon kaya kawai, Hajji."

Ga kyamarori a sama, ga jami'ai a ƙofa. Duk wanda aka gani rungume da kaya yana shiga, kayansa ne. Haka aka yi wa ɗan wan babana, daga nan zuwa kanta kawai. Na ce, "Arbab, zan ɗauki akwatinka, na ga lokacin da aka shirya shi. Wannan ba zan ɗauka ba."

Ya gyaɗa kai. Ya sake yunƙurawa, ya fito, ya rungume shi. Na tura masa akwati a keke har bakin layi, yana gaba a karkace, ƙararrawar tana cas-cas a cikin mayafi. Na tsaya daga nesa ina jira in ga an tare shi an shiga da shi ɗaki. Na ga ya yi magana da wani jami'i, na ga ya wuce. Daga inda nake ban iya hango ko an sa shi a na'ura ba.

Da ya dawo daga tafiyar ya ce khalas, wato shi ke nan, ya samu wani direban. Bai wulaƙanta ni ba, ya bar mini bizata har na samu wanda zai karɓe ni, ya kuma ba ni magungunan ciwon baya da suka rage masa, ya ce za su yi wa kafaɗata amfani. Ban sha ba, ban san abin da ke ciki ba. Na koma sito a Al Qusais, ina ɗaure katan da salatif, kafaɗa tana ci gaba da maganarta.

Mai kago har yau cewa yake na tsallake rijiya da baya. Dattijon Zinder kuwa ya ce na zubar da abincina a kan katako, ya ce mutum ya buɗe maka abin da kakansa ya gudo da shi tun daga farko har ƙarshe, kai kuma ka ƙwanƙwasa. Na ce masa, Baba, ga ni a gabanka ina cin shinkafa, ba a kurkuku nake ba. Ya ce haka ne. Ni dai fata na gan ta duka, na shaida, rubutu ne kawai. Cikin sanda ne ban gani ba.